Rumbun da Ba Ya Karɓar Ƙarya

Manhaja ba ta daɗewa. Wadda aka rubuta bana, kafin shekara biyar sai ka ji an ce ta tsufa, a rushe a yi sabuwa, wanda ya rubuta ta kuwa tuni ya sami aiki a wani wuri. Abin da ke zama shi ne bayanan da aka zuba mata: sunayen mutane, kuɗin da suka biya, ranar da aka kwantar da su a asibiti, makin da suka ci a jarrabawa. Su ake kwashewa daga tsohuwar manhaja a juye a sabuwa, da gaskiyarsu da ƙaryarsu duka. Lambar wayar da aka rubuta ba daidai ba, ko rasit ɗin da aka shigar sau biyu, haka za su yi ta bin ma'aikatar daga kwamfuta zuwa kwamfuta har a manta wanda ya shigar da su. Don haka magana ɗaya nake tafe da ita a wannan babi, kuma na tsaya a kanta: duk dokar da ta shafi gaskiyar bayanai, a cikin rumbun bayanan za a kafa ta, shi rumbun da kansa ya riƙa ƙin abin da ba daidai ba. Kada a bar wa manhaja ita kaɗai, balle a dogara da hattarar ma'aikacin da ya wuni yana shigar da lambobi har idonsa ya fara gani biyu-biyu.

Tushen wannan tunani ya tsufa. Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a ɗakin binciken kamfanin IBM a San Jose ta jihar Kalifoniya, shi ya shimfiɗa shi a wata maƙala a 1970. Kafin nan, a rumbuna irin su IMS na IBM ɗin, sai mai rubuta manhaja ya san yadda aka jera bayanai a cikin na'ura kafin ya iya ciro su, ranar da aka sauya jerin kuwa manhajoji su rikice. Codd ya ce a zuba komai a tebura masu layuka da gurabe, abin da ke rubuce a gurbi shi ne zai haɗa wannan tebur da wancan, mai tambaya ya faɗi abin da yake so kawai, na'ura ta nemo hanya. Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen tambayar a 1974 da sunan SEQUEL, wanda ya koma SQL daga baya. Oracle ya shiga kasuwa a 1979, MySQL ya fito a 1995, PostgreSQL ya sami wannan suna a 1996 bayan ya taso daga binciken Michael Stonebraker a Berkeley. SQLite na Richard Hipp ya zo a 2000, kuma a yanzu haka yana cikin wayar da ke aljihunka, Android ce ko iPhone.

Gaskiya ɗaya, wuri ɗaya

A ce makaranta ce mai zaman kanta, da ɗalibai dubu da 'yan kai. Akawun makarantar yana da shafin Excel guda ɗaya: sunan ɗalibi, aji, sunan uba, lambar wayar uba, zango, kuɗin da aka biya. Magidanci mai 'ya'ya biyar a makarantar, kowane ana biya masa sau uku a shekara, an rubuta sunansa da lambarsa sau goma sha biyar ke nan kafin shekara ta zagayo. A wannan layin Muhammad Sani, a wancan Muhammadu Sani, can ƙasa Moh'd Sani, wata rana kuma sabon akawu ya rubuta Mamman Sani don haka ya ji ana kiransa. Sai mutumin ya sauya layin waya. Aka gyara a wuri huɗu, aka manta sha ɗaya. Ranar da ɗansa ya faɗi a filin wasa ya karye a hannu, malama tana tsaye da waya, wace lamba za ta kira?

Maganin shi ne a rubuta kowace gaskiya a wuri ɗaya tak. A yi tebur na iyaye, kowane mutum layi ɗaya. A yi na ɗalibai, kowane yana ɗauke da lambar da ke nuna mahaifinsa ko mariƙinsa. A yi na biyan kuɗi, kowane rasit yana nuna ɗalibinsa. Idan lambar waya ta sauya, gurbi ɗaya za a taɓa, sauran duk su gani. Littattafan fannin suna da matakai masu sunaye da yawa a kan wannan daidaitawa, amma wanda ya riƙe tambaya ɗaya ya sami mafi yawan amfaninsu: wannan abin da zan rubuta, bayanin wane ne? Lambar waya bayanin uba ce, ba ta da abin yi a teburin rasit.

Kowane layi yana bukatar babban mabuɗi, wato abin da ke bambanta shi da duk sauran. Suna ba ya wannan aiki, ko a aji ɗaya za ka tarar da A'isha Muhammad uku. Lambar waya ma ba ta yi, domin ana sauya ta, kuma gida guda kan yi tarayya a layi ɗaya. Ka bar rumbun ya ba kowane layi lambarsa da kansa, lambar da ba ta nufin komai, don abin da ba ya nufin komai ba wanda zai zo gobe ya ce a gyara shi.

Akwai wurin da masu koyo kan wuce gona da iri. Sai su ce tunda kuɗin zango yana rubuce a teburin farashi, maimaici ne a sake rubuta shi a kan rasit. Ba maimaici ba ne. Kuɗin zangon bana gaskiya ce guda, abin da wane ya biya ranar kaza kuma gaskiya ce dabam. Idan rasit yana leƙa teburin farashi ne kawai, ranar da makaranta ta ƙara kuɗi duk rasitan bara za su sauya fuska, mutanen da suka biya cif su wayi gari da bashi a kansu.

Excel kuwa ba abokin gaba ba ne, aikinsa ne dabam. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona bai shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda ana tattara sakamakon ne a tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya haura sai ya zube, ba ƙara ba gargaɗi. Wannan shirun shi ne abin tsoro.

Mai gadi a ƙofar ɗaki

Ga yadda teburin biyan kuɗin zai kasance a PostgreSQL:

CREATE TABLE biya (
  lamba BIGINT PRIMARY KEY,
  dalibi BIGINT NOT NULL REFERENCES dalibai (lamba),
  rasit TEXT NOT NULL UNIQUE,
  kudi NUMERIC(12,2) NOT NULL CHECK (kudi > 0),
  rana DATE NOT NULL
);

Layuka bakwai ne, amma dubi abin da suka hana. Ba za a karɓi kuɗi da sunan ɗalibin da babu shi ba, kuma ba za a share ɗalibi a bar rasitansa suna yawo ba uba. Ba za a shigar da kuɗin da bai kai ko sisi ba. Rasit ɗaya ba zai shiga sau biyu ba, kuma wannan ya fi kowanne yawan ceto, domin kowa ya san abin da ke faruwa idan intanet ta tsinke ana tsakiyar aiki: akawu bai ga alamar an karɓa ba, sai ya sake dannawa. Manhaja tana iya rasa sanin cewa na farkon ya wuce. Rumbun ya sani.

Wani zai ce ai manhajarsa tana duba duk waɗannan kafin ta aika. Madalla, ta ci gaba da dubawa, domin ita ce za ta gaya wa ma'aikaci kuskurensa cikin harshen da zai gane. Amma rumbun bayanai kamar gida ne mai ƙofofi da yawa. Yau manhajar intanet ce kaɗai ke shiga, gobe a ƙara ta waya, jibi wani ya loda tsofaffin bayanai daga Excel, gata shi mai kula da rumbun ya shiga da hannu don gyara wani abu cikin gaggawa. Idan a ƙofar gaba kaɗai aka ajiye mai gadi, sauran suna buɗe. A ƙofar ɗakin da kayan suke ake ajiye shi. Masu cewa waɗannan dokoki suna rage sauri, akwai gaskiya a maganarsu ga kamfanin da ke karɓar rubutu dubu-dubai a kowace daƙiƙa. Makaranta, ko asibiti, ko kantin magani, ba za su taɓa jin nauyin ba, amma za su ji nauyin layuka dubu uku marasa asali ranar da masu binciken kuɗi suka zo.

Sai dai kada ka yarda cewa doka tana aiki don kawai ka rubuta ta. SQLite ba ya tilasta alaƙar tebura sai ka kunna da PRAGMA foreign_keys = ON a duk lokacin da manhaja ta haɗu da shi. MySQL ya shekara da shekaru yana karɓar CHECK ba tare da ya yi aiki da shi ba, sai a sigar 8.0.16 ta 2019 abin ya gyaru, tsohon injinsa MyISAM kuwa bai san alaƙar tebura ba sam. Bayan ka kafa doka, ka gwada yi wa rumbun ƙarya da gangan. In ya karɓa, ba ka gama ba.

Zaɓen nau'in gurbi ma doka ce, kuma a nan ne namu bayanan suke da tarkonsu. Lambar waya ba lissafi ake da ita ba, don haka a matsayin rubutu za a ajiye ta. Wanda ya ajiye ta a gurbin adadi, sifirin farko na 080 zai ɓace, abin da ya rage kuma ya fi ƙarfin INT na yau da kullum, wanda iyakarsa 2,147,483,647. MySQL da ba a tsaurara masa ba ba zai ma yi gardama ba, sai ya yanke lambar zuwa wannan iyaka, ka buɗe tebur ka tarar iyayen yara duk lambarsu ɗaya. Haka NIN da BVN masu lamba goma sha ɗaya, da lambar asusun banki mai goma, wadda kan fara da sifiri. A haɗa da lambar ƙasa tun farko, +234 ko +227, domin mai ɗa a Katsina yana iya zama a Maraɗi. Kuɗi kuwa kada ya kusanci FLOAT. Na'ura tana lissafin wannan nau'in da kusan-kusan ne, shi ya sa 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. A yi amfani da NUMERIC, ko a ajiye kuɗin a kwabo a matsayin cikakken adadi.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Har zuwa fitowar sigar 8.0 a 2018, MySQL kan zo ne da tsarin haruffa na latin1, wanda babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Ka shigar da Ɗanlami daga Ƙanƙara, ka dawo ka ga alamun tambaya a inda ƙugiyoyin suke, kuma harafin da ya riga ya zama alamar tambaya ba ya dawowa. A zaɓi utf8mb4 a MySQL, UTF8 a PostgreSQL, a tebur da kuma a hanyar da manhaja ke haɗuwa da rumbun, don ɗaya ba ya isa. Tunda kuma yawancin mutane ba su da ƙugiya a allon rubutunsu, ka ajiye sunan yadda yake daidai, ka ƙara wani gurbi mai sunan ba ƙugiya domin bincike. Sunan mutum haƙƙinsa ne, ba a rage masa harafi don sauƙin na'ura.

Akwai kuma NULL, wanda ke nufin ba a sani ba. Ba sifiri ba ne, ba kuma rubutu maras komai ba, in ban da a Oracle da ke ɗaukar NULL da rubutu maras komai abu ɗaya. Ka nemi ɗaliban da garinsu ba Zariya ba da WHERE gari <> 'Zariya', duk waɗanda ba a rubuta garinsu ba ba za su fito ba, domin rumbun ba zai yi shaidar abin da bai sani ba. AVG yana tsallake NULL, saboda haka matsakaicin makin aji zai bambanta ƙwarai tsakanin malamin da ya sa wa wanda bai zo jarrabawa ba sifiri da wanda ya bar gurbin fayau. NOT IN kuwa, idan NULL ɗaya ya faɗa cikin jerin da aka ba shi, ba zai dawo da ko layi ɗaya ba. Shawarata, kowane gurbi ya fara da NOT NULL, sai wanda ka iya faɗin dalilin da zai sa a rasa shi.

Sa'adatu da Mu'azu

Idan kana so ka san ingancin wata manhaja cikin minti ɗaya, shigar da suna mai hamza. Sa'adatu, Mu'azu, Nafi'u, Jama'are. In ta faɗi, ko ta fito da wani dogon saƙon kuskure na SQL, to wanda ya rubuta ta yana liƙa abin da mutane suka buga kai tsaye a cikin tambayarsa. Wannan 'yar alama ita ce SQL ke rufe rubutu da ita, saboda haka rumbun ya ga Sa, ya ɗauka sunan ya ƙare, sauran kuma ya karanta shi a matsayin umarni. Sa'adatu ba ta nufi kowa da sharri ba. Amma ƙofar da sunanta ya faɗa ita ce ɓarawo ke bi, ya buga alamar, ya biyo ta da umarninsa, ya kwashe tebur ɗungurungum. Ta wannan hanya aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya a watan Oktoban 2015, ta wasu tsofaffin shafuka da ya gada daga wani kamfani da ya saya, aka taɓa bayanan mutum 156,959, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne gyaran da wasu kan yi: su hana rubuta hamza a gurbin suna, Mu'azu ya koma Muazu a takardar shaidarsa. Sun ɓata suna, kuma ba su kawar da cutar ba. Gyaran gaskiya shi ne a aika tambaya dabam, abin da mutum ya buga dabam. Ka rubuta WHERE suna = $1 ko WHERE suna = ?, ka miƙa sunan a gefe, rumbun ba zai taɓa karanta shi a matsayin umarni ba. Duk harsunan rubuta manhaja da ake yayi suna da wannan, kuma bai fi liƙawar wahala ba. A ƙara da cewa asusun da manhaja ke shiga rumbun da shi kada ya zama na mai gida. Manhajar karɓar kuɗi ba ta da dalilin samun ikon rushe tebur.

Idan wuta ta ɗauke a tsakiya

Tura kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan aiki biyu ne: a cire nan, a ƙara can. Idan wuta ta ɗauke bayan na farko, kuɗin sun bar hannun mai su ba su isa ko'ina ba. Jim Gray, wanda ya sami lambar yabo ta Turing a 1998, ya ba da shekaru a kan wannan matsala, kuma a 1983 Theo Härder da Andreas Reuter suka dunƙule sharuɗɗan a kalmar ACID. A aikace abin da za ka yi kaɗan ne. Ka buɗe da BEGIN, ka yi ayyukan, ka rufe da COMMIT. Ko duka su tabbata, ko ba ko ɗaya. In wani abu ya karkace, ROLLBACK ya mayar da komai yadda yake.

Yadda rumbun ke cika wannan alkawari ya cancanci a sani, musamman a inda janareta da inbata ke karɓa-karɓa. Kafin ya taɓa ainihin teburan, yana fara rubuta abin da zai yi a wani kundi na musamman, ya tabbatar rubutun ya sauka a kan faifai, sannan ya ce maka an karɓa. Idan na'ura ta mutu ta farfaɗo, sai ya karanta kundin, ya ƙarasa abin da aka riga aka tabbatar, ya watsar da wanda aka bari rabi. Za ka ci karo da masu cewa a kashe fsync a PostgreSQL don ƙarin sauri. Saurin gaskiya ne, amma abin da aka kashe shi ne wannan tabbatarwar, kuma ɗaukewar wuta ɗaya tana iya lalata rumbun gaba ɗaya.

Wata matsalar ba ta bukatar wuta ta ɗauke. Gurbi ɗaya ya rage a aji, akawu biyu suna aiki lokaci guda. Kowanne ya duba ya ga saura ɗaya, kowanne ya karɓi kuɗin wani uba. Kada manhaja ta karanta adadi, ta yi lissafi a wajenta, ta dawo ta rubuta. Ta bar wa rumbun lissafin:

UPDATE azuzuwa SET saura = saura - 1 WHERE lamba = 7 AND saura > 0;

Na biyun zai jira na farko ya gama, sannan ya tarar ba layin da ya cika sharaɗi, manhaja ta ga an taɓa layi sifiri ta ce gurbi ya ƙare.

Batun sauri ba zan daɗe a kansa ba. Abin da ya isa a nan shi ne fihirisa, wadda akasari aka gina a kan tsarin da Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a ɗakin binciken Boeing a farkon shekarun 1970. Da ita, taki uku ko huɗu ya isa a kai ga layi ɗaya cikin miliyoyi. Amma kowace fihirisa tana ƙara wa rubutu nauyi, don haka ba a yayyafa ta ko'ina. Ka sa EXPLAIN a gaban tambayar da ke jan ƙafa, rumbun zai nuna maka hanyar da yake bi. Abu guda da ake yawan mantawa: PostgreSQL ba ya yi wa gurbi irin dalibi na teburinmu fihirisa da kansa, kai za ka yi.

Daren 31 ga Janairu

Duk dokokin nan ba sa kare rumbun daga mai riƙe da mabuɗinsa. UPDATE ko DELETE da aka manta wa WHERE zai bi kowane layi a tebur, kuma halal ne a wurin SQL. Al'adar ƙwararru ita ce su fara rubuta abin a matsayin SELECT su ga layukan da zai shafa, sannan su buɗe BEGIN, su yi gyaran, su dubi adadin layukan da aka taɓa. Ka yi niyyar layi ɗaya ka ga dubu ɗaya da ɗari biyu, ROLLBACK yana nan. Da yawa kuma sukan ba tagar rumbun gaske launi dabam da ta gwaji, domin hannu yakan riga ido.

A daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab yana fama da rumbun PostgreSQL na biyu, wanda ya daina bin na farko. Ya yanke shawarar share bayanan na biyun ya sake kwafowa. Ya buga umarnin sharewa a kan na farko. Cikin daƙiƙu ya farga ya tsayar, amma daga kusan gigabait 300 abin da ya rage bai wuce huɗu da rabi ba. Wannan ɓangaren labarin kowa na iya faɗa masa, kuma kamfanin bai ɗora wa mutumin laifi ba. Abin da ya biyo baya shi ne darasin mai kula da rumbu. Suka je ɗauko kwafin ajiya da pg_dump ke yi, suka tarar ba komai: na'urar tana kiran sigar 9.2 ne a kan rumbu mai sigar 9.6, aikin yana faɗuwa kullum, saƙon imel ɗin da ke ba da labarin faɗuwar kuma ana ƙin karɓarsa a hanya, ba wanda ya taɓa gani. Rumbu na biyu kuwa an riga an share shi tun kafin kuskuren. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin nan, don wani aikin gwaji. Dawo da shi ya ci kusan awa goma sha takwas, suna nuna aikin kai tsaye a YouTube, kuma bayanan awa shidan nan sun tafi, ciki har da sababbin asusu kusan 700. A bayanin da suka wallafa daga baya sun faɗi cewa babu wani mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin gwada kwafin.

Abubuwa biyu nake so mai kula da rumbu ya ɗauka daga nan. Rumbu na biyu mai bin na farko ba kwafin ajiya ba ne. Yana da amfani idan na'ura ta ƙone, amma DELETE na kuskure zai isa gare shi cikin ƙiftawar ido, ya share nasa shi ma. Na biyu, ganin fayil a inda ake ajiye kwafi bai nuna komai ba sai an dawo da shi an gani. Sau ɗaya a wata, a ɗauki kwafin jiya, a zuba shi a wata kwamfuta dabam, a ƙirga layukan manyan teburan, a nemi rasit na ƙarshe da aka san an yanka, a rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci, domin wannan adadin shi za a faɗa wa shugaban makaranta ranar da ya tambaya yaushe za a dawo aiki. A rubuta sunan wanda aikin ke wuyansa, da wanda zai karɓa in ba ya nan. Gargaɗin kuma a juya shi: maimakon jiran saƙon an kasa, a sa ƙararrawa ta kaɗa duk safiyar da saƙon an yi bai zo ba.

Idan asarar wuni guda ta yi yawa, PostgreSQL yana ba da damar adana wancan kundin nasa a kai a kai, MySQL ma yana da makamancinsa, ta yadda za a iya mayar da rumbun zuwa minti ɗaya kafin ɓarna. Kwafi ɗaya aƙalla ya kwana a wajen ginin, domin gobara da ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da faifan da ke ajiye a gefenta. Kuma tunda sunayen 'ya'yan mutane ne a ciki, da lambobin iyayensu, waɗanda dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsarewa, a kulle kwafin da mabuɗin sirri kafin ya fita. Mabuɗin kuma a ajiye shi wani wuri, ba a kan na'urar da ake tsoron mutuwarta ba.